Jamus Ta Ba Amurka Aron Sa

A shekarar 1993 suka fara haɗuwa, a wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya a Somaliya. Kabo, Babarbare mazaunin Gaya, direban tankar ruwa ne. Bappa, Bafulatanin Toranke, shi ke riƙe da rediyon sadarwa. Tun ranar da suka san asalin juna ba su sake gaisawa da ladabi ba.

Shekara talatin da ɗaya bayan nan, ranar wata Laraba da hantsi, Kabo ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan Bappa da damuwa a ransa. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya mutu ranar Lahadi, ga shi an yi ruwa mai ƙarfi ranar Litinin. In danshin nan ya wuce bai yi huɗa ba, gyaɗar bana ta kuɓuce masa. Duk mai shanu a Gaya yana fama da tasa gonar. Kuma Kabo bai taɓa roƙon Bappa ko allura ba.

"Wa alaikumus salam," in ji Bappa daga kan tabarma, bai ko tashi ba. "Hanne, ɓoye gishiri da kanwa. Amurka ta iso."

"Bawana, haka ake tarbar ubangida? Na zo duba ko yunwa ta ƙarasa ka."

"Da sauranta. Zauna a ƙasa, tabarmar ta 'ya'ya ce, ba ta bayi ba."

Kabo ya zauna a tsakiyar tabarmar, har ya ture shi gefe.

Sunayen nan, Amurka da Jamus, su ma daga Somaliya suka samo su. A can, shingen waya ɗaya ne ya raba wata rundunar Amurkawa da ta Jamusawa, kuma ƙawance ne tsakaninsu: tare suke atisaye, tare suke rakiyar motoci, har musayar bajon kafaɗa suke yi. Amma kowace safiya sajen Amurkawa, wani dogo, da sajen Jamusawa, wani mai jan gemu, sai sun tsaya a bakin shingen sun yi wa juna tas. Wannan ya ce burodin Jamus da shi ake gina katanga, wancan ya ce kofin Amurka ruwan wankin safa ne. In abin ya yi zafi dogon ya tambaya wa ya ci yaƙi. Kabo ya taɓa ɗauka harbi za a yi. Bappa ne ya ce masa ya kwantar da hankali, taubasai ne: kakanninsu sun gwabza, jikoki suka mai da abin wasa, kamar Fulani da Barebari. Nan take Kabo ya zaɓi Amurka, wai don girman daula. Bappa ya ɗauki Jamus, ya ce ya bar masa Amurkar, tunda sun yi kama a surutu da cin abinci.

Hanne, matar Bappa, ta aiko da fura. Kabo ya sha rabin ƙwarya, ya ce nonon ya sha ruwa. Bappa ya ce da gangan ne, cikin Babarbare ba ya ɗaukar nono tsantsa. Suka taɓa maganar fansho da ciwon gwiwa. Kabo ya tambayi lafiyar shanu sau biyu, sau biyun kuma ya kasa kawo maganar aro.

"Ka tuna ranar da injin ruwan Amurkawa ya tsaya?" in ji Bappa, yana kallon wani wuri.

Kabo ya tuna sarai, don shi ya kai tanka ya dawo da ita babu ko ɗigo. Kwana biyu dogon saje yana zufa a kan injin, girman kai ya hana shi leƙa shinge. Rana ta uku mai jan gemu ya tsallako da akwatin sifana, ba wanda ya kira shi. Yana kwance ƙarƙashin injin yana zagin Amurka da duk wanda ya ƙera shi, har ruwa ya kawo.

"Na tuna," in ji Kabo. "Dogon ya buɗe baki zai yi godiya, mutumin naka ya ce in ya kuskura zai sake kwance injin."

"Mu Jamusawa haka muke. Ba ma son ganin ragwanci a maƙwabta, yana ɓata mana suna." Bappa ya miƙe yana dafa gwiwa. "Taso in nuna maka abin da ake kira sa, tunda ku jaki kuka gada."

A bayan gida shanun huɗa biyu suna kwance suna tuƙa, fari da ja. An riga an ɗaura wa jan sabuwar igiya. Bappa ya ce jan ya cika ci, ya gaji da ciyar da shi, yana neman wani sakarai ya riƙe masa shi kwana huɗu. Ya ce motar Dalhatu mai kai dabbobi kasuwa za ta bi ta Gaya bayan azahar.

Kabo ya dubi wuyan san, inda karkiya ta ci gashi. San hagu ne, mai jan garma ta ɓangaren hagu. Nasa da ya mutu ma na hagu ne, kuma bai gaya wa kowa a Toranke ba. Ya ɗaga kai ya hango gonar Bappa ta bayan danga, rabinta ba a huɗe ba.

"Taka gonar fa?"

"Ƙasarmu tana riƙe danshi. Ba irin taku ba ce, da ta koyi halin masu ita."

Kabo ya ji godiya ta taso masa. Ya haɗiye ta, ya ce san ramamme ne, amma zai taimaka ya karɓa. Ya kama igiya ya ce, "Tashi." Sa ya ci gaba da tuƙa. Ya ja, ya daka tsawa irin ta fareti, har ya gwada ɗan Barbarcin da ya rage masa. Ko kunne san bai kaɗa ba.

"Ba ya jin yaren bayi," in ji Bappa. "Da Fulatanci aka hore shi. Ce masa umma."

"Ni? Shekara sittin da biyar ban taɓa sa yarenku a bakina ba."

"To ka huɗe gyaɗar da faratanka."

Kabo ya waiga hagu da dama. Hanne tana bakin danga, ta rufe baki da mayafi. Ya sunkuya dab da kunnen san, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Umma."

Sa ya miƙe tsaye.

"Hanne, ki shaida," in ji Bappa. "Yau Laraba, ƙarfe sha ɗaya saura kwata, Amurka ta miƙa wuya."

Kabo ya yi dariya har ya dafa bayan san. "Na miƙa. Sauran ka koya mini yadda ake ce masa tsaya, kada ya huɗe ni har Wudil."