Sanarwar Rasuwar Ɗan Anbariyya, Kan Jirgin Abbanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hannun da ya yi ɓarnar, ni Zubair Barau na unguwar Harra ta Yamma a Madina, a madadin iyalan marigayi Alhaji Barau mai gyaran agogo, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Anbariyya, ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa, baƙi wuluk, wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa da rabi ba. Ya cika ranar Talata bayan La'asar, yana da shekara talatin da ɗaya a gidanmu.

Mahaifinmu ne ya kawo shi. Shagonsa yana kallon tsohuwar tashar Anbariyya, wadda jirgi ya daina shiga tun kafin a haifi Abban, kuma abin yana damunsa. Sai ya shimfiɗa layin dogo a kan teburin majalisinmu, wato ɗakin baƙi, ya gina 'yar tasha da kwalin dabino, don kada tasa tashar ta zauna shiru kamar waccan.

Marigayi Ɗan Anbariyya mai haƙuri ne. Tarago biyar yake ja ba ƙorafi, cinsa wuta kaɗan da ɗigon mai. Aibinsa ɗaya ne, ba kuwa zan ɓoye ba don ya mutu: in ya iso tahawila, inda layi ke rabuwa biyu gab da kwanar bakin teburi, sai ya cije. Zai taho shik-shik-shik, ya yi ƙirrr, ya yi tsit kamar mai tunani, sannan ƙyat, ya wuce a hankali. A cikin wannan tsit ɗin Abba yake gyaran murya, kullum bayan La'asar.

Shekara uku ke nan da rasuwar Abba. Mahaifiyarmu, Hajiya Asama'u, wadda muke kira Ummi, idonta ya tafi, tunaninta kuma yana zuwa yana komawa. Sau biyu muka gaya mata Abba ya rasu, sau biyu ta yi kuka sabo fil, sai muka bari. Tun daga nan, in na dawo daga aiki a filin jirgin sama, nakan kunna marigayin. In ya yi tsit, ni ne, Allah ya yafe mini, nake gyaran murya. Ummi sai ta ce daga ɗakinta, “Alhaji ya dawo, a kai masa shayi.” Ranar ta ci abinci ke nan.

Game da jinyarsa, gaskiya ba shi da ciwo. Ni na ɗora masa. Tsoro ya kama ni kada wata rana ya cije ya ƙi tashi, na ce bari in yi maganin abin tun da wuri. Na goge ƙafafunsa, na auna tazararsu, duk lafiya lau. Da na sa gilashin da Abba yake duba cikin agogo da shi, sai na ga wani siririn guntun asuwaki a maƙale cikin tahawilar, ya yi baƙi da mai. Har dariya na yi, wai babban mai gyaran agogo ya bar datti shekara talatin. Ƙanwata Sundus ta ce, “Khallas ya Zubair, ya isa haka, ka bar shi yadda Abba ya bari.” Ban ji ba. Na sa matsefata na zare shi.

Marigayin ya taho shik-shik-shik, ya ratsa tahawila ko gezau, karo na farko a rayuwarsa. Da wannan gudun ya shiga kwana, ya bar layi, ya faɗo kan tayil. Tas. Ina tsintar gutsattsarinsa na gane: teburin gajere ne, kwanar ta matse, Abba da hannunsa ya cusa asuwakin don ya zama birki.

Ya rasu ya bar taragu biyar, da 'yar tasha, da tahawila mai cikakkiyar lafiya wadda ba na iya kallo, da tsohuwa guda mai sauraro.

Laraba Ummi ta ce Alhaji ya yi jinkiri, ta ture kwanonta. Jiya kuwa, majalisi a kulle, wayar wutar a cire tana hannuna, ta ɗaga kai ta ce, “Ga shi nan ya tsaya a tahawila. Me ya hana shi wucewa?” Ni da Sundus muka kasa kunne. Ba zan ce na ji komai ba. Amma ban iya gyaran murya ba, don ina tsoron wani ya riga ni.

Za a yi masa sutura yau Juma'a da shimag ɗin Abba, ƙyallen da yake rufe kai da shi, a sa shi cikin akwatin kayan agogonsa, tunda ƙasar Harra dutse ce, ba ta haƙuwa. Ba salla, ƙarfe ne. Ana karɓar gaisuwa a bakin ƙofa, da murya ƙasa-ƙasa, kada a ambaci sunan ko ɗaya daga cikin mamatan biyu kusa da ɗakin Ummi. Duk mai kan jirgi irin wannan girman, ko tsoho ne ko na aro, don Allah ya iso da shi kafin La'asar. Asuwakin dai na mayar da shi wurinsa, shayi kuma yana kan wuta.