Wadda Dokta Bai Tambaya Ba

"Lafiya lau, angona. Ina gajiyar bin tsofaffi da rikoda?"

"Gajiya ta bi lafiya, tsohuwa. Ga tabarau ɗin da kika aike ni, ki daina gaishe da labule kina zaton ni ne."

Dokta jikan Kaka ne, malamin jami'a mai nazarin rayuwar ma'aikata. Shekara bakwai ya kwashe yana rubuta littafi a kan yajin aikin wata masaƙa da aka yi tun ba a haife shi ba. Jibi za a kai littafin wurin bugawa, amma abu ɗaya ya tsaya masa a wuya, har ya rame. A ra'ayinsa, yajin aiki ba ya tashi sai da shugaba da taro da takarda. To wannan kuwa an kulle shugabannin ƙungiyar, an hana taro, ana laluben aljihu a bakin ƙofa, amma ma'aikata dubu suka ƙi fitowa rana ɗaya. Mutum sittin ya tambaya, kowa sai ya ce shi dai ya ji an ce gobe ba aiki.

Kaka ta ɗora tabarau, ta ƙare masa kallo.

"Ashe haka kake da muni? Mayar musu da abinsu, ko na fasa auren."

"Wa zai kwashe ki? Haƙori uku, biyu ma sun shiga yajin aiki."

Tana dariya ta jawo wani tsohon hoto daga takardunsa, ta tambaye shi ko mene ne. Ya ce cikin masaƙar ne, ana gobe za a fara yajin, kuma ya dube shi ya fi sau ɗari.

"Da wane idon? Dubi bakin ƙofofin nan."

"Tsintsiya ce."

"Kai a gidanku haka ake jingine tsintsiya, baki sama?"

Dokta ya matso, ya ga kowace ƙofa da tata, duk a juye. Nan Kaka ta gaya masa su tara ne masu shara. Kowane ɗaki suna shiga, har ofishin manaja, kuma ba mai laluben su, don ba a ɗauke su a bakin komai ba. Su suka raɗa wa mutum ɗaya a kowane sashe cewa ranar da ya ga tsintsiya a juye, ya shaida wa 'yan'uwansa gobe ba aiki.

Ya san ta yi shara a masaƙar, da guminta ma aka yi karatun babansa. Kunya ta kama shi sosai.

"Kaka, shekara bakwai kina kallona, me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni? Abinci kawai kake tambayata. Maza sittin ka bi, ka wuce ni kamar yadda manaja yake wuce mu."

Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa, ya kunna rikoda, yana dariya.

"Na sallama. Littafin ya fasa tafiya jibi. Faɗa mini sunayen sauran takwas ɗin."

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauko tsintsiya, ta ɗora masa a cinya.

"Share ɗakin tukuna, Dokta. Yau ni ma ba na aiki."