Harsashin Babana da Aljanin Hawa na Sha Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da watan da na zama aljani a unguwar Bukit Jalil ta ƙasar Malesiya ba, ni da ko ƙadangare ba na iya kashewa.

Babana maharbi ne, da hannunsa yake zuba harsashin bindigarsa. Da ya rasu, abin da na gada shi ne mazubinsa, wani ɗan ƙarfe mai kama da awartaki da ake zuba narkakkiyar dalma a ciki ta fito dunƙulalliya. Shi na taho da shi Malesiya karatu. Da aka kulle gari saboda korona, kewa ta ishe ni, sai na sayi dalmar masunta na fara zubawa a kicin. Ba bindiga, ba albarushi, warin kawai nake so, don yana tuna min da Baba. (Na san sarai a ƙasar nan harsashi ɗaya ya isa ya raba mutum da karatunsa, ya kai shi gidan yari. Sani daban, hankali daban.) Kunnena a toshe da waƙa nake aikin, wanda bai fito da kyau ba in cilla shi gwangwani a lungu. Ɗan maharbi ne ni, amma ban cika samun gwangwanin ba.

Wata rana Anti Rifkatu, 'yar Jos da ke zaune a hawan da ke ƙasa da nawa, ta kira ni a waya.

"Ƙanena, kana jin sound ɗin nan? Kullum da la'asar, ƙwas, sai abu ya gangara. Daga empty flat ɗin da ke kusa da kai ne fa."

Tsohon da ke wannan ɗaki korona ce ta ɗauke shi. Takalmansa na nan a ƙofa, ba wanda ya taɓa su. Mutanen ƙasar kuma sun ce ƙarar gangarar dutsen wasan yara a saman bene aikin aljanu ne. Tsoro ya kama ni na gaske. Dogon barandar nan shiru, babu kowa, sai ƙofar lif da ke buɗewa ta rufe ba mai fita. Na daina wucewa ta gaban ɗakin. Don in kwantar da hankalina sai na ƙara yawan zubi, aljanin kuwa ya ƙara ƙaimi.

Da abin ya ishi Anti, ta samo makulli wajen mai kula da gini, ta gayyato wani dattijon ustaz ɗan Malesiya daga masallacin da ke ƙasan benenmu. Na ji tsoron su leƙa nawa ɗakin, sai na tattara harsasan a leda na cusa a aljihun jallabiya.

Muka shiga ɗakin mamacin, kowa da takunkumi. Sanyi, warin rufaffen wuri, kofin shayinsa a kan tebur ya bushe. Ustaz na karatu a hankali, Anti na addu'arta, ni kuwa na fi kowa ɗaga murya. Na ɗaga hannu da ƙarfi zan shafa, ledar ta fashe, aljihun ma ashe a huje yake.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Suka gangara a kan tayil.

Ni na fara kurma ihu, na ɓuya a bayan Anti.

Ta sunkuya ta ɗauki guda, ta juya shi a tafin hannu. Kawunta ma maharbi ne, kallo ɗaya ta gane. Ta dube ni, na ga digirina da fasfo ɗina duk a hannunta. Ustaz ya tambaye ta mene ne wannan.

"Na kamun kifi ne, Ustaz," in ji ta da Turanci. Sannan ta juyo da Hausa, ƙasa-ƙasa: "Sati uku ina kwana da Bible a ƙirji saboda kai. Wallahi ka kawo min ƙarfen nan yau, ko in kira police da kaina."

Na kai mata, ina hawaye kamar yaron da aka ƙwace wa alewa. Ta kulle shi a akwatinta, sai ranar da zan bar ƙasar ta miƙo min, ta ce in gaida aljanun gida.

Tun daga nan, duk inda aka ce ana jin motsi a gini, kafin in fara karanto addu'a sai na laluba aljihuna.