Ranar da na tsayar da Inna a gaban aji

Akwai wata Laraba da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da kuwa na so. Har yau in ta faɗo min a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ban daɗe da gama karatun koyarwa ba, kaina ya kumbura, gani nake duk Turancin Kano a jakata yake kwana. Sai wata ƙungiya ta buɗe ajin matan aure a unguwarmu, Soron Ɗinki, bayan la'asar. Aka ɗauke ni gwaji, da sharaɗin shugabarsu za ta zo ta ga koyarwata. In ta gamsu aiki ya zama nawa, in ba ta gamsu ba a nemo wata. Ni kuwa na gaji da zaman gida da tambayar 'yan biki, "Har yanzu ba a dace ba?"

Cikin ɗalibaina har da Inna, mahaifiyata. (Ba don ni ta shiga ba, in ji ta, so take ta riƙa karanta saƙon waya da kanta.) To ga inda gizo ke saƙar. Ni 'yar fari ce, Inna kuwa Bafulatana ce gaba da baya. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo, yayar babana, can na girma. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In tana nemana sai ta ce, "Ina waccan?" In baƙi suka tambaya ta ce, "'Yar Gwaggo ce." A aji ma can ƙurya take zama, ta ja mayafi, idonta a kan allo, ba a kaina ba.

Darasin da na shirya wa ranar na kalmomin mallaka ne, su my da your da her, na haɗa da 'yan umarnin nan na yau da kullum. In na ce "Pick up your bag" su ɗauki jaka, in na ce "Put on your shoes" su zura takalma ana dariya. Mun sha maimaici har yaran da ke goye sun kusa haddacewa.

Hajiya shugaba ta iso, dattijuwa 'yar asalin Barno, da lafaya da tabarau, ta zauna gefe tana kallo. Wallahi komai ya tafi daidai. Maman Sadiya ta ɗaga jakarta ta ce "This is my bag." Yaya Ladi maƙwabciyarmu ta juyo da autarta daga baya ta ce "This is my daughter." Hajiya ta gyaɗa kai. Da nan na tsaya da na huta. Amma ina, daɗi ya kwashe ni, na ce bari in nuna wa Hajiya har uwata na koyar. (Gaskiya kuma, tunda yau tonon asiri nake yi: so nake in ji kalmar nan daga bakinta sau ɗaya, ko da aron harshe ne.)

"Inna, stand up," na ce.

Ta miƙe a hankali. Na je na tsaya kusa da ita, na nuna ƙirjina. "Ki nuna ni ki ce, this is my daughter."

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Yaya Ladi ta jawo zanina ta raɗa min, "Malama, ki bar ta mana." Ni kuwa uwar iya, na ɗaga murya yadda Hajiya za ta ji, na ce, "A aji babu kunya, ilimi muka zo nema. Inna, maimaita, my daughter."

Ba ta kalle ni ba. Ajin ta yi wa magana, murya ƙasa-ƙasa: "A tambaye ni jaka ko takalmi. Wannan tana da masu ita."

Sai ta ɗauki jakarta, ta zura takalmanta, ta fice. Duk abin da na koyar ta aikata shi tsaf ba tare da na buɗe baki ba. Wata tsohuwa ta tafa hannu tana salati. Wata ta ce, "Boko ke nan." Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, kunya ta lulluɓe ni.

Hajiya ta zare tabarau ta dube ni. "'Yar nan, ke ce ta fari?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ni na farina har ya fara furfura, ban taɓa kama sunansa ba. Ko da Turanci." Ta miƙe tana gyara lafaya. "Kin iya darasi. Amma in ɗalibarki ba ta dawo gobe ba, babu matar da za ta ƙara yarda ta zauna a gabanki. In ta dawo, aji naki ne."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Gwaggo ta tare ni a zaure. "Haka na rene ki? Ki tsayar da uwarki gaban mata ki ce ta zubar da kunyarta? To ki je ki gyara abin da kika ɓata, ni ba ruwana."

Na je ƙofar ɗakin Inna na durƙusa. Tana dama fura, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ce, "Inna, na tuba, ki yafe min." Ta ci gaba da juya ludayi a ƙwarya. Na riga na sallama aikin a raina, hawaye suka zubo. Can sai ta yi magana, idonta a kan ƙwaryar, kamar da ita take:

"A gaya wa malamar can gobe ina nan zuwa. Aikin 'yar mutane ba zai lalace ta dalilina ba. Amma a sauya tambaya."

Ta turo ƙwaryar gabana da bayan hannu, ta shige ɗaki.

Washegari ita ta riga kowa zuwa, ta zauna a ƙuryarta. Aiki ya zama nawa. Tun daga ranar in zan koyar da my, jaka da takalmi nake nunawa, tunda su ba a taɓa kai su ɗakin Gwaggo ba. Har yau kuma ni 'yar mutane ce a bakin Inna. Sai dai na lura, duk cikin 'ya'yan mutanen Soron Ɗinki ni kaɗai take dama wa fura da kindirmo.