Ramukan Zauren Baba Ladan

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na toshe wa unguwa guda sallar azahar ba, da hannuna, kuma ina jiran a yaba mini.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi, na samu aikin lebura wurin masu gyaran gidajen gwamnati a nan Kontagora. A can na fara ganin wani farin kwaɓi da ke zuwa a gwangwani, wanda ake liƙe ƙananan ramukan bango da shi. Ka ɗebo a bakin cokalin gini, ka danna, ka shafe, in ya bushe ka goge, sai ka rantse ba a taɓa kafa ƙusa a wurin ba. Wata uku kacal na yi ina wannan aiki, amma kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni. Duk gidan da na shiga bango nake fara dubawa kafin in gaida masu gida (har ɗakin mahaifiyata bai tsira ba).

A lokacin ina neman auren Lami, 'yar ladanin unguwarmu. Baba Ladan tsoho ne, idonsa ya yi rauni sosai, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Manyana sun je sau biyu, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa duk sanda na je gaisuwa sai idona ya sauka kan bangon zaurensa na yamma. Ramuka ne guda goma, biyar can sama kusa da rufi, biyar a ƙasa da su, kowanne bai fi faɗin babban yatsa ba. Na ce a raina, Allah sarki, ga abin da rashin ɗa namiji a gida ke jawowa.

Ranar da ya tafi ta'aziyya garin Beri, na roƙi ragowar gwangwani wurin shugabanmu, na aro tsani. Ban tambayi kowa ba, don so nake abin ya zo masa ba zato. Na cusa tsumma da laka, na bi da farin kwaɓi ciki da waje, na goge. Na lura ramukan duk a karkace suke, suna kallon sama, sai na ce aikin gara ke nan, ba ta san miƙaƙƙen layi ba.

Washegari da hantsi na sa rigata ta Juma'a na tafi. Na same shi zaune a kan buzu gindin bangon gabas, ya ɗora tafin hannunsa a gwiwa. Muka gaisa, na zauna ina jiran wani ya shigo ya ce kai, wa ya yi wannan aiki? Shi ma da alama jira yake. Muka yi ta zama.

Can ya ce, "Ɗana, hadari ne ya haɗo?"

Na ce, "A'a Baba, rana tarwai."

Ya juya hannun, ya gyara zama, ya sake shimfiɗa shi. Ni har na fara tunanin ko in yi tari in nuna bangon da kaina. Sai ga Liman ya shigo da buta, mutum huɗu a bayansa.

"Malam Ladan, lafiya? Inuwa ta yi nisa, unguwar Nufawa har sun idar, mu ba mu ji kira ba."

Tsohon ya ce, "Ba ta zo ba, Liman. Tun ɗazu nake jiranta."

Liman ya ɗaga kai ya dubi bango. Ya yi salati da ƙarfi. "Wane mara tsoron Allah ne ya liƙe ramukan nan?"

Ga farin kwaɓi a ƙarƙashin farcena, ga shi a gefen takalmina. Ba sai na amsa ba, duk idanu suka juyo kaina. Daga cikin gida na ji wata dariya da aka danne da gyale, kuma na san mai ita. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayan an yi sallar a makare, Baba Ladan ya sa aka kira ni. Na zaci kora ce. Sai ya ce in zauna, ya ba ni labarin bangon. Mahaifinsa magini ne. Shi ya huda ramukan da kara tun laka tana ɗanya, ya yi shekara uku yana huda yana toshewa yana sakewa, domin rana ba ta bin hanya ɗaya duk shekara, tana karkata kudu da rani, ta dawo arewa da damina. Na sama na azahar ne, na ƙasa na la'asar. Kowane rami da watanninsa. In lokaci ya yi, rana za ta ratso ta ramin da ke kan aiki, ta sauka daidai inda yake zaune.

Ya ce, "A da ina ganinta. Yanzu ɗuminta nake ji a hannu, sai in tashi."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Mutumin da bai taɓa riƙe agogo ba ya ɗaure rana a bangon laka, ya mutu, ita kuma ta ci gaba da zuwa gaida ɗansa sau biyu kullum. Ni kuma da wata uku da rabin gwangwani na zo na rufe mata ƙofa.

Na ce, "Baba, yau ɗin nan zan buɗe su duka."

Ya ce, "Buɗewa ba wuya. Amma in ka karkatar da bakin rami ko kaɗan, ramin zai yi mini ƙarya. Kuma ba a gane na damina sai da damina. Ka buɗe, mu zauna tare mu gwada kowanne a lokacinsa. Ranar da na ƙarshe ya faɗi gaskiya, ka turo manyanka."

Da tsinke na yi ta ƙwaƙular aikina, a hankali, Liman na auna inuwa a waje yana ƙwala mini "bai yi ba" ko "ya yi". Ranar da haske ya fara ratsowa ya sauka a hannun tsohon, ɗan ɗigo kamar kwabo, sai da na ji ƙwalla. Wata goma sha ɗaya na yi ina zaman zauren nan kafin a ɗaura aure, Lami kuwa har yau in muka yi faɗa sai ta ƙirga mini su.

Na tsufa a sana'ar gini, na liƙe ramuka ba iyaka. Amma tun daga lokacin, ko ramin ɓera na gani a gidan mutane, sai na tambayi mai gida aikin da ɓeran yake yi masa kafin in buɗe gwangwani.