Tsarabar Kalfu

Ba zan taɓa mantawa da wata shuɗiyar kula, irin ta ajiye ƙanƙara, ba, ko da tsufa zai sa in manta sunayen 'ya'yana. Har yau in na hango irinta a kasuwar Tawa, sai in sauya hanya.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, sashen nazarin halittu, kuma dole kowa ya rubuta kundin bincike, wato memwar, kafin a sallame shi. Abokaina suka kwashe batutuwa masu mutunci, wannan zogale, wancan ruwan rijiya. Ni da na zo a makare ranar rabo, abin da na tarar shi ne tsutsar ciki a jikin yaran firamare. Ita kuwa tsutsar ciki, jama'a, ba a kiranta ta amsa, sai an bi ta hanyar da take fitowa. (Ga wanda bai gane ba, bayan gida nake nufi. Kashi. Ga shi yau ina rubuta kalmar hankali kwance. Da na iya faɗinta a ranar, da babu wannan labari.)

A gefe guda kuma ina neman auren Ramatu. Mahaifinta ya yanke magana ɗaya: in gama karatu a shekarar, a ɗaura, in ban gama ba kuwa akwai masu jira. A gidansu Lokotoro ake kirana, wato likita, ni da ko akuya ban taɓa yi wa allura ba, kuma ban taɓa gyara musu ba. Ita kanta Ramatu abin da na gaya mata shi ne ina “binciken lafiyar yara”, ina faɗa ina gyara wuyan riga.

Kalfu aka tura ni, wani gari da ke yankin Tawa. Na sha wuya kafin iyaye su yarda, don kowa gani yake wani asiri zan haɗa. Wani tsoho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Yaro, duk abin da ke ga garinga, ga hatsi, ga bisashe, ba ka ga na roƙo ba sai wanga?” Da taimakon shugaban makarantar da zirga-zirgar da ta cinye mini takalmi aka shawo kansu. Ban samu abin da nake nema ba sai ranar da za a ba yara babban hutu. Daga ranar kowa gona zai nufa, mai neman yaro sai baɗi. Na sa wa kowane ɗan gwangwanin roba da yaran suka kawo mini lamba, na ɗaure shi a baƙar leda, na jera a kula, na rufe da ƙanƙara. Malamin da ke duba aikina ya riga ya ja mini kunne cewa a ranar za su isa labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, in suka kwana sun tashi aiki.

To, mai hankali da ya shigo Tawa labo zai wuce kai tsaye. Ni sai na tuna gidan su Ramatu a kan hanya yake, kuma ina sanye da farar rigar aiki wadda ba ta taɓa ganina da ita ba. (Rigar ma aro ce.) Na ce bari in tsaya ta gan ni, ta san ba da ƙaramin mutum take hulɗa ba. Na kafe babur ɗina, na sauke kular don kada rana ta narkar da ƙanƙarar, na ajiye ta a inuwar zaure, na yi sallama. Daga ciki aka ce tana zuwa.

Ina zaune sai ga Gwaggo Zali, yayar mahaifin Ramatu, ta dawo daga unguwa. Ita ce bakin gidan, in ta ce ba a yi, ba a yi. Na zame daga tabarma na durƙusa, kaina a ƙasa.

“A'a, Lokotoro! Daga ina haka cikin ranag ga?”

“Daga Kalhu, Gwaggo.”

“Kalhu! Garin nono da mai!” Idonta ya sauka kan kular. “Wagga tamu ta?”

A nan ne ya kamata in buɗe baki in yi magana irin ta ɗan kimiyya. Na buɗe kuwa. Amma ku gaya mini, da wane harshe mutum zai dubi yayar surukinsa, yana durƙushe, ya ce mata kashin yaran Kalfu ne ya ɗauko? Abin da ya fito shi ne, “Ai... Gwaggo... wato...” ina sosa ƙeya ina murmushi, daidai yadda kowane saurayi mai kunya ke yi in ya kawo abin arziki.

“Kai, ɗiyan yanzu da kunya! Allah shi yi maka albarka.” Ta sunkuya ta ɗaga. “Har da nauyi!” Ta yi ciki da ita, ina kallo.

Saurayi ba ya wuce zaure, kowa ya san wannan. Na zauna ina lallashin kaina: ai ba a buɗe kyauta mai ita yana nan, yanzu Ramatu za ta fito in raɗa mata, ta ɗauko a ɓoye. Sai dai Ramatu tana can tana aikin da 'yan mata suka gada, wato shanya saurayi har sai ya bushe.

Can na ji muryar Gwaggo ta kan katanga tana kiran maƙwabta. “Ku taho ku gani! Lokotoro ya kawo muna tsarabar Kalhu!” Mata suka riƙa wucewa ta gabana suna yi mini sannu da ƙoƙari, ni kuma ina amsawa. Wallahi ina amsawa. Wata ma ta rangaɗa guɗa.

Daga inda nake ina jin komai. “Har da ƙanƙara!” “Dibi, kowane da ledatai.” “Man shanu na, irin ƙullin 'yan lakwal masu boko. Har lamba sunka sa mishi.” Hajiya, mahaifiyar Ramatu, ta ce a ware na maƙwabta tukuna. Sai Gwaggo ta ce, “Bari in ji ƙamshin wanga, kamar ya yi duhu.”

Daga nan gidan ya yi tsit. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, har kaji sun daina motsi. Sai salati ya tashi gaba ɗaya, na ga wani abu mai jan murfi ya yi sama ya tsallake katanga. Muryar Hajiya ta fito: “Ku kai masai! Ku zube shi duka, yanzu-yanzu!”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa taka tsakar gidan nan ba, na faɗa a guje da farar riga, takalmi ƙafa ɗaya, na sha gaban wata mata da ta riga ta kama hanyar masai da kular, na rungume ta. (Kular, ba matar ba. Saura kaɗan dai.) Kuma kalmar da na kasa raɗa wa mutum ɗaya a zaure, ita na kwarara da iyakar muryata a gaban matan unguwa:

“Hajiya, don Allah kar a zubar! Kashi na, gaskiya ta, amma aurena na ciki!”

Daidai nan Ramatu ta ɗaga labule, kwalli a ido ɗaya. Ta ga Lokotoronta a durƙushe yana bin gwangwanaye ƙarƙashin turmi yana karanta lambobi, Gwaggo kuma a bakin randa tana dirzar hannu da toka tana faɗin, “Ni Zali, mi na yi ma yaron ga?” Ramatu ta saki labulen a hankali. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ko ta tsage ba zan shiga ba sai na kai kayan nan labo.

Na kai su kafin a rufe, ban da wanda ya tsallake katanga. A cikin kundin na rubuta cewa an rasa guda ɗaya “saboda yanayin wurin aiki”. Ranar kare memwar wani malami ya tambaye ni wane irin yanayi ne, na ce iska ce mai ƙarfi. Na ci. Ramatu ta daɗe ba ta ɗaga wayata ba, ranar da ta ɗaga kuma dariya ta hana ta magana. Mahaifinta ya cika alkawari, duk da an ce sai da aka yi ta ba Gwaggo haƙuri kafin ta zo ɗaurin auren.

Abin da na koya shi ne, in magana ta yi maka nauyi, ka daure ka faɗe ta a zaure tun mai ji mutum ɗaya ne. Yanzu muna da yara, ina koyarwa, ana ganin girmana a gari. Amma ko a sallar da ta wuce, da na kai wa surukaina kwalin dabino, Gwaggo Zali ta tare ni a ƙofa da sandarta.

“Aje nan,” ta ce. “Buɗe da hannunka. Kuma ka hwaɗi sunanshi da bakinka.”