Ranar da Na Kama Ɓarauniyar Akwatin Marayu

Busasshen kifi nake sayarwa a kasuwar Gaya, kuma kowa ya san ba a zalunci a gabana in yi shiru. Wata safiya sai ga mata biyar cikin anko, suna yawo da akwati suna neman taimako don marayu. Har na jefa nawa. Kafin in koma mazaunina, wata ƙatuwar mata ta fizge akwatin ta sheƙa a guje, jama'a kuwa sai dariya suke yi.

Na ce in mazan kasuwar nan sun mutu, ni da raina. Na ƙara ɗaure zane, na bi ta, na sa mata ƙafa a layin masu tumatir, na zauna a kanta daram.

"Hajiya, ki ɗaga ni, fim ne!" in ji ta.

"Fim ɗin gidanku! Sai jandarma sun zo."

Sai ga wani mutum da kamara yana haki. Ashe wasan barkwanci suke ɗauka, kuma wadda na danne ita ce shugabar ƙungiyar matan. Na ba ta haƙuri kan leɓenta da ya fashe, amma ban ce na yi kuskure ba. Wa ya aike ta ta iya sata haka?

Ba su cire wurin daga fim ɗin ba. Yanzu ko gadar kan iyaka ta Malanbil na hau, sai 'yan kabu-kabu su ƙanƙame kayansu suna tsokanata da ihu, "Kowa ya tsaya cik, ga Kumandan nan tafe!"